Zuwa Wudil a Motar Autanmu

Ana idar da sallar asuba muka bar Mandawari, ni da ƙanena auta da Hajiyarmu, za mu Wudil duba yayarta da ba ta da lafiya. Shekara da shekaru ni nake kai ta a tsohuwar motata. Bana auta ya sayo mota mai caji, sai Hajiya ta ce a tasa za ta. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci min rai.

Motar kam ta haɗu. Ba ƙara, ba hayaƙi, har awakin Ƙofar Wambai ba su san ta iso ba sai da aka yi musu hon. A ciki kuwa babu maɓalli ko ɗaya, sai wani allo kamar faranti. Esi, fitila, waifa, duk a nan ake latsawa. Kowane gidan mai muka wuce sai Hajiya ta ce, "Allah ya yi wa autana albarka." Ni ina gaba ina laluben aibu, ban samu ba.

Mun tarar da mai jiki da sauƙi. Da za mu juyo muka tsaya bakin gada muka sayi soyayyen kifi, wanda kuɗinsa ya ninka yadda na san shi. Auta ya ci da hannu biyu, ya goge a takarda, ya kama sitiyari.

Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Waifar da aka ce tana tashi da kanta sai jan jiki take, gilashi ya yi tururi. Auta ya kai yatsa allo, maiƙon kifi ya hana shi amsawa. Ya sake dangwala, idonsa ya bar titi, muka fara cin hannun wata tirela.

"Kai, dubi gabanka!" na daka masa tsawa.

"Yaya, ba na gani!"

Na murje allon da hannun sabuwar shaddata, na yi ta latse-latse har waifa ta kama gudu. Hajiya sai salati take. Aibun da na wuni ina nema ya samu, amma ko kaɗan bai yi min daɗi ba.

Darasin tafiyar shi ne, abin da direba zai nema cikin gaggawa a bar shi inda hannu zai lalubo ba sai da ido ba.

Da muka sauka a ƙofar gida auta ya sake kwashe albarkar. Ni ɗan fari ne, Hajiya ba ta kama sunana, balle yabo. Sai da ta kai zaure ta ce da shi, ba tare da ta dube ni ba, "Ka gaya wa wancan, zuwa na gaba ya zo da tasa."