Ai Na Gwada wa Kaji

Ban san wanda ya fara raɗa wa abin nan suna naman kaza ba, amma da zan haɗu da shi sai mun yi ta a bainar jama'a. Abu ba nama ba, ba kaza ba, daga ƙasa yake tsirowa bayan an yi ruwa, amma wani ya zauna ya liƙa masa kaza. Sunan nan ya ja wa wata baiwar Allah ɓacin suna a kan idona. Shekara uku ke nan, kuma duk ranar da na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

Daga Nyanya muka taso muka koma Sheda, don cunkoso ya ishe mu, kuma maigidana direba ne a wani kamfanin gine-gine da ke aiki ta wannan hanyar, yakan yi sati biyu ba ya gida. Muka kama ɗaki biyu a gidan hayar wata Hajiya mai kiwon kaji a tsakar gida. Bayan katangarmu akwai wata dattijuwa 'yar Gbagyi, kowa Mama yake ce mata. Mijinta ya rasu. Tana ɗan noman doya da dawa, amma abin da aka san ta da shi shi ne tiren naman kazan da take kafawa a bakin titi duk ƙarshen damina. Ma'aikata masu komawa cikin gari sukan tsaya da mota su saya, ba sa ko dubawa, don sun san hannun da ya tsinto.

Mu a garinmu can arewa, duk abin da ya fito da wannan siffa laimar kwaɗi muke ce masa, mu sa ƙafa mu shure. To ranar da Mama ta miƙo min kwanon miyar agushi ta kan katanga ta ce da naman kaza a ciki, sai na karɓa da hannu biyu ina godiya, raina kuwa yana can wajen tunanin wa ya yanka. Ta lura da fuskata, ta tuntsire da dariya.

"Ci abinka, amarya. Wannan ba a yanka shi. Ba kaza mai tafiya ba ne, na ƙasa ne. Gobe ka zo in nuna maka."

Mama ba ta da "ki" a bakinta. Mace, namiji, akuya, kowa "ka" ne. Kuma ina da shekara bakwai da aure take ce min amarya, na gaji da gyarawa na bar ta.

Daga nan na zama 'yar rakiyarta. In aka kwana da ruwa, irin ruwan ƙarshe-ƙarshen nan da dawa ta riga ta fid da kai, sai mu fita da sassafe, ita da ƙwarya a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, ni da bokitin roba ina zamewa a cikin taɓo. Wajen suri muke nufa, don mai kyau a gidan gara yake fitowa. Ba ta yarda a fizge shi. Sai ta tsuguna ta tona gindinsa da tsinken itace a hankali, har ta zaro wata doguwar jela da ta nutse cikin ƙasa kamar wutsiyar ɓera. Ta nuna min tsinin da ke tsakiyar kansa, ta juya shi ta nuna min ƙasansa fari tas ko da ɗan ja-ja, ta kai min hanci in shinshina. Ranar farko duk wanda na ɗauko sai ta jefar. Na ji haushi, na ce ai iri ɗaya ne da nata. Ta ce ni da Hajiya ma iri ɗaya ne, duk mayafi muke sawa.

Akwai wanda ta fi tsana. Yana fitowa a fili cikin ciyawa, fari, mai faɗi kamar faranti, ya fi na suri kyau nesa ba kusa ba. Yana da zobe a wuya, gindinsa dunƙule ba jela, kuma in ya kwana biyu ƙasansa yakan koma kore-kore. Ta tumɓuke ɗaya ta ɗora min a tafin hannu, ta ce in kalle shi da kyau.

"Wannan poison ne. Ko maƙiyinka kar ka ba shi."

Sannan ta sa na wanke hannu a kwatami. Dokarta guda ce: duk abin da na tsinto, ba ya shiga tukunya sai ta zazzage shi a kan tabarma ta duba ɗaya bayan ɗaya. Damina biyu muka yi a haka, ko ciwon kai ban taɓa yi ba.

Sai Yaya. Babban wanmu ne, yana sayar da caja da rigunan waya a bakin kasuwar Wuse, yana kwana da 'yan garinmu a Nyanya, ƙarshen mako ya zo wurina ya ci abincin gida. Ina son Yaya, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Amma Allah bai halicci abin da Yaya bai sani ba. Ya san ciwon injin jirgi, ya san wanda zai ci zaɓe, ya san abin da likita ya manta. Ya ci miyar naman kaza har ƙari biyu, da na gaya masa ko mene ne da yadda ake samo shi, sai ya ture kwanon ya ce abin da ke tsirowa kyauta ne nake bin tsohuwa daji saboda shi kamar wata 'yar makaranta.

Wata Asabar na tafi kasuwar Gwagwalada, na bar shi yana shan shayi. Bayan azahar na dawo, tun daga ƙofar gida nake jin kakarin amai. Na tarar da shi durƙushe a bakin rariya, zufa ta jiƙe masa riga, ya shiga banɗaki ya fi a ƙirga. A kicin ga kaskona da ragowar albasa da attaruhu. A bayan ƙofa ga leda, a cikinta saura guda uku ɗanye, farare, masu faɗi, kowanne da zobensa a wuya. Na juya ɗaya. Kore.

"Yaya, ina ka samo wannan?"

"Filin ƙwallo," ya ce, yana haki. "Ai na gwada wa kaji."

Na ce ya yi me?

"Na marmasa na watsa wa kajin Hajiya, suka cinye. Na jira har rabin awa, ba wadda ta faɗi. Ba naman kaza ba ne sunansa? In kaza ta ci ta zauna lafiya, mutum ne zai kasa?"

Wallahi da ba a durƙushe yake ba da na ɗaga masa murya har maƙwabta su ji. Kaza! Kazar da ke cin kyankyaso, ta ci kunama, ta tsattsage majinar da aka tofar, ita ce ta zama likitan Yaya. Mutum mai 'ya'ya huɗu ya ɗauki ransa ya damƙa wa kajin Hajiya saboda suna. Amma ba lokacin faɗa ba ne. Na kira Hajiya, muka tari keke mai ƙafa uku, muka kai shi wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa.

Aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Zuwa la'asar aman ya lafa, idonsa ya dawo. Nas ɗin ta zo da takarda tana tambaya, ɗakin kuwa cike da masu jinya da 'yan dubiya, rabinsu 'yan unguwarmu.

"Oga, me ka ci?"

Ya ce naman kaza, na daji.

"Wa ya ba ka?"

Yaya ya dubi mutanen da ke ɗakin. Na ga lokacin da ya auna abin a ransa. Sai ya lumshe ido ya ce, cikin muryar marar lafiya:

"Wata tsohuwa ce maƙwabciyar ƙanwata. Ita ke kawo musu."

Ina tsaye a gefen gadon, da ledar nan a cikin jakata, don na taho da ita in nuna wa likita. Nas ta juyo ta dube ni. Abin da ya rage kawai in buɗe jaka. Amma wana ne, kwance, da allura a hannu, a gaban mutane, kuma tun ina yarinya ba a taɓa koya min in ce wa Yaya ƙarya kake ba. Na sunkuyar da kai. Nas ta rubuta abin da ta rubuta, wata mata a gadon kusa ta ce, "Mai tiren nan ta bakin titi? Jesus!"

Kafin Yaya ya gama shan kunun da na dama masa washegari, labari ya zaga Sheda. Kafin Laraba labarin ya yi 'ya'ya. Wasu suka ce mutum biyu ne suka ci, wasu suka ce ɗaya ya mutu, wasu suka ce da gangan ta yi don ba addininsu ɗaya ba. Mama ta ci gaba da fita da sassafe ita kaɗai, ta kafa tirenta, motoci su rage gudu su wuce. Da yamma ina leƙawa ta kan katanga in ga ta baje abin da ta tsinto a kan buhu tana shanyawa, ga shi ba rana, rabi ya ruɓe. Naman kaza kuwa ba doya ba ne da zai jira a huce. 'Yan makonni ne, in ruwa ya ɗauke shi ke nan sai baɗi. Ba ta zo ta tambaye ni komai ba. Ta dai daina ƙwanƙwasa min katanga da safe.

Da Asabar ta zagayo Yaya ya zo, ya murmure har da sabon aski. Na rufe ƙofa na ce masa ya tashi mu je ya faɗi gaskiya.

"Ke, wace gaskiya? In tsaya a gaban mutane in ce kaji na tambaya? So kike a riƙa yi min cara a Wuse har in mutu?"

Na ce matar nan an kashe mata sana'a.

"Ai dai ita ta koya miki cin wannan ƙazantar. Da ba ta fara ba, ina zan san ana ci? Kwana biyu ne za a manta."

Ranar na yi wa Yaya abin da ban taɓa yi ba. Na ɗauke kwanon tuwon da na ajiye masa, na ce tunda kaji ne masu yi masa ɗanɗano, ya je su dafa masa. Ya zare min ido, ya ɗauki hularsa ya fita. Ya yi wata huɗu bai tako gidana ba, kuma ban aika an kira shi ba.

Sai da abin ya kwana tara sannan na iya shiga gidan Mama. Na same ta tana ɓare gyaɗa. Na durƙusa na zayyana mata komai, filin ƙwallo, kaji, leda, asibiti, da shirun da na yi. Ina magana ina kuka, ina jira ta zage ni in samu sauƙi. Ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba.

"Amarya, me ya sa kana gaya mini? Ni na sani ban ba shi ba. Je ka gaya wa waɗanda ba su sani ba."

Na tashi na fara bin gidaje. Na je wurin matar gadon kusa, na je wurin mai shagon da ke kan kwanar layinmu, na tsaya a bakin bohol inda mata ke layi na faɗa da ƙarfi, har da kajin, ban rage wa Yaya komai ba. Aka yi dariya sosai. Aka ce Allah ya kyauta. Wata ta ce duk da haka dai ita ta tsorata da abin, gara ta haƙura. Masu motocin da suka ji labarin farko kuwa, ina zan gan su? Ruwa ya ɗauke a satin. Da damina ta dawo Mama ba ta kafa tire ba, ta koma saran itacen girki, tana ɗaukowa a kafaɗa daga nesa da shekarunta.

Hajiya na bari a ƙarshe, don ita ce ta raka mu asibiti ta ji da kunnenta, kuma na san bakinta ya taimaka wajen yaɗa maganar. Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti. Na fara ba ta labari tun daga farko, ban kai rabi ba ta katse ni.

"Ai na gan shi."

Na ce ta ga wa?

"Yayan naki. Ina zaune a nan ya shigo da ledarsa ya watsa wa kajina. Har na ce masa kar ya kashe min su."

Na ce, "Hajiya, kin gani da idonki? Kina tsaye a asibiti ya ɗora wa matar nan, kika yi shiru? Kwana tara ana cin namanta a unguwar nan, kina ji?"

Ta ɗago ta dube ni, ba fushi ba kunya, ta cire wata 'yar tsakuwa daga shinkafar ta yar.

"To 'yar nan, ni bare ce. Ke da kuka fito ciki ɗaya na kalla. Na ga ledar tana leƙowa daga jakarki, na ga kin sa hannu kin tura ta ciki kin ja zif. Sai na ce to, haka 'yan gidan suke so."