Dunduniya Ya Zaɓi Lauya

Shekara talatin da ɗaya Dunduniya ya yi yana gyaran takalma a gindin katangar kotu, hagu da babbar ƙofa, tsakanin mai buga takardu da mai sayar da ambulan. Sunansa na gaskiya ya ɓace tun tuni, har matarsa in ranta ya ɓaci da laƙabin take kiransa. Kayan aikinsa ba su da yawa: akwatin katako, basilla, 'yar guduma, gwangwanin gam, da burushi uku da gashinsu ya zube kamar na mai su. Sai kuma wani ilimi da ya koyar da kansa, ya yi wa kansa jarrabawa, ya kuma ba kansa sakamako mai kyau.

Ilimin shi ne karatun takalmi. A cewarsa baki na ƙarya, riga na ƙarya, amma tafin takalmi bai iya ƙarya ba. Wanda dunduniyarsa ta cinye ta waje, mai girman kai ne. Wanda takalminsa ya huje a tsakiya, mai tsayuwa ne a kan gaskiya. Da wannan ya yanke wa rabin ma'aikatan kotun hukunci ba tare da ya ɗaga kai ya ga fuskarsu ba. Kuma bai taɓa yin kuskure ba, tunda ba wanda ya taɓa dawowa ya bincika.

Gidansu na gado ne, ɗaki huɗu. A na ƙuryar baya yayarsa take zaune tun rasuwar mijinta, shekara goma sha tara ke nan. Ita ta goya shi, ita ta saya masa basillarsa ta farko, kuma har gobe ita kaɗai ce ke iya ce masa "rufe min baki" ya rufe. Wata rana maƙwabcinsu, wani ɗan kwangila da ya sayi gidan bayansu, ya aiko da sammaci. Wai ɗakin Yaya a cikin filinsa yake, yana so a rushe ya ja katanga.

Matar Dunduniya ta ce, "Baban yara, ka je wurin lauyar nan mai tabarau ta saman bene. Ita ta ƙwato wa mai burodi shagonsa."

"Wa? Waccan?" Ya yi dariya har da tari. "Shekara huɗu ina goge takalminta, ko ƙusa ɗaya ban taɓa buga mata ba. Tafin nan sumul, kamar yau aka fito da shi daga kwali. Mutumin da ba ya tafiya, ina zai kai ka?"

"To ai ba tseren gudu za a yi ba. Shari'a ce."

"Ke dai tsaya a inda kika iya. Ni a bakin kotu na tsufa."

Gaskiya ne a bakin kotu ya tsufa. Cikinta ne dai bai taɓa shiga ba.

Wanda ya zaɓa shi ne wanda ake kira Lauya Sauri. Dogo ne, kullum jiƙe da gumi, kullum da fayil bakwai ko takwas a hammata, waya a kunne, baƙar rigarsa na tashi a bayansa. Duk wata biyu sai Dunduniya ya sake masa tafin takalmi. A ilimin Dunduniya, wannan shi ne ƙarshen ƙwazo. Ai mutumin da ke cinye roba haka, in ya riƙi ƙararka, sai dai abokin shari'arka ya nemi wurin ɓuya.

A tsaye suka yi maganar, Lauya Sauri da ƙafa ɗaya a kan akwati. Dunduniya ya fara ba shi labari tun daga lokacin da mahaifinsu ya haƙa harsashin ɗakin, lauya ya katse shi.

"Baba, ya isa, na gane. Wannan ai ƙaramin abu ne. Irinsa goma na yi a watan jiya. Ka je ka yi barcinka."

"Akwai tsofaffin takardu a wurin Yaya, ko in kawo?"

"Za mu zo kansu. Ka ajiye tukuna."

Dunduniya ya koma gida yana taku ɗai-ɗai. Ya ce wa Yaya ya samo mutumin da ko takarda ba ya buƙata. Ta dube shi ta ce, "Allah ya sa haka ake yi." Shi kuwa ɗan kwangila, da yake jahili ne bai san karatun takalmi ba, sai ya hau bene ya ɗauki mai tabarau.

Ranar zaman farko Dunduniya ya saka rigarsa mai kyau, ya riƙo hannun Yaya, suka zauna a benci na biyu. Mai tabarau ta shigo da fayil ɗaya tak, ta zauna, ta jera takardunta. Aka kira ƙara. Lauya Sauri ya faɗo ɗakin yana haki, ya rusuna, ya roƙi a ɗage zama, ya fice kafin alƙali ya gama rubuta ranar.

"Kin gani?" Dunduniya ya raɗa wa Yaya. "Ko zama bai yi ba."

"Na gani," in ji ta.

A zama na biyu ya aiko da takarda cewa yana wata kotun. A na uku mai tabarau ta kawo mai awon fili da taswirarsa, ta yi masa tambayoyi cikin murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Da aka ce lauyan waɗanda ake ƙara ya yi nasa tambayoyin, sai aka ga kujerarsa ba kowa. Alƙali ya cire tabaransa ya yi gargaɗi. Yaya ta ɗaga jakar ledar da ta ƙunso takardun mahaifinsu a ciki, magatakarda ya yi mata alama ta sauke, ya ce ta hannun lauya ake miƙawa.

Dunduniya ya koma gida ya ba da labari. Matarsa ta ce tun da sauran lokaci a canza lauya. Ya ce dabara ce, manyan lauyoyi haka suke gajiyar da abokin gaba. A ransa ya san ba shi da tabbas. Amma canza lauya daidai yake da ya tsaya gaban mai buga takardu da mai ambulan ya ce shekara talatin da ɗaya shirme yake faɗa musu, kuma hakan ya fi ƙarfinsa.

A zama na biyar alƙali ya rufe damar kare kai. A na shida ya yanke hukunci: a rushe ɗaki cikin kwana talatin. Lauya Sauri ya halarci wannan, a yi masa adalci. Ya ma dafa kafaɗar Dunduniya a baranda ya ce, "Kar ka damu, Baba, za mu ɗaukaka ƙara." Har wa'adin ɗaukakawar ya wuce ba a sake ganinsa ta babbar ƙofa ba.

Tsohon masinjan kotu ne ya warware masa karatun, ranar da ya kawo silifas a ɗinke masa.

"Wai da gaske saboda takalmi ka ɗauke shi?"

Dunduniya ya zura basilla a silifas ɗin, masinja ya ci gaba.

"Haba, Dunduniya! Ai da ka tambaye ni. Mutumin nan ƙara ba ta wuce shi, kowacce karɓa yake. Kotu huɗu yake zagawa kullum yana roƙon a ɗage. In ya hango waɗanda suka ba shi ƙara a bakin ƙofa, sai ya bi ta baya, ya zagaye ta tashar mota, ya dawo ta bayan asibiti. Ba dole takalmi ya cinye ba? Ita kuwa waccan, tun safe tana zaune tana karatun fayil. Da me tafinta zai cinye?"

Dunduniya ya ɗinke silifas ɗin, ɗinki mai kyau, don hannunsa dai bai taɓa cin amanar kowa ba. Kunya ce ta hana shi ɗaga kai.

Ranar rusau, Yaya ta sa aka fitar mata da kujera tsakar gida ta zauna tana kallo. Kayanta na ɗaure, 'yarta ta aiko da mota daga can garin da take aure, tafiyar yini guda. Da leburori suka ɗaga guduma, ta ɗaga hannu.

"Ku cire ƙofar tukuna, a hankali. Babanmu ne ya kafa ta da hannunsa."

Dunduniya ya ture su, ya kwance ƙusoshin da kansa, ya ɗauko ƙofar a ka. Ya tsaya da ita a tsakar gida yana juyawa, ya rasa inda zai kai ta. A nan kuka ya ƙwace masa, dattijo mai shekara sittin ba biyu, a gaban leburori.

"Yaya, ki zauna a ɗakina. Ni sai in kwana a waje."

"Kai da iyalinka ku tara a ɗaki uku, ina za ka saka ni?" Ta miƙe, ta gyara mayafinta. "Share fuskarka, ƙanina, mutane na kallo. Ban riƙe ka ba. Ka dai riƙa zuwa duba ni, kar ka jira sai an aiko."

Ta shiga mota ba ta waiwayi ɗakin ba. Ƙofar tana nan jingine da bangon tsakar gida, har yau ba a samo mata ɗaki ba.