Ranar da Gadar Kara ta Karye da Firinsifal

Abubuwa da yawa sun faru da ni a sakandare waɗanda yanzu ko an tuna mini sai in yi ta lalube ban gano su ba. Amma ranar da gadar da muka gina da karan dawa ta karye da manyan mutane biyu a kanta, wannan kam ba za ta taɓa fita raina ba. Ko yanzu da nake rubutu sai da na ajiye biro na yi dariya mai isata.

Lokacin ina aji huɗu a wata makarantar jeka-ka-dawo a Zuru, cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai. Daga Dabai nake zuwa kullum. Mu tara ne kacal a ajin kimiyya, mata huɗu, maza biyar, kuma gaskiya sunan kimiyyar kawai muke ji. Akwai ɗakin gwaje-gwaje, amma a kulle yake, in ka leƙa ta taga ba abin da za ka gani sai karyayyun kujeru da gidan zanzaro. Malami ya rubuta a allo, mu kwafa, mu haddace, ranar jarrabawa mu zuba masa abinsa. Shi ya sa 'yan aji uku suke gudun ajinmu. Wata safiya a wurin taron ɗalibai firinsifal ya faɗa ƙarara cewa idan zango mai zuwa ba a samu sababbin masu zaɓar kimiyya ba, zai rufe ajin, ya raba mu cikin sauran azuzuwa. Ranar ko abincin tara ban iya ci ba, don ni dai lissafi nake so, ban kuma san wani abu da na iya kamarsa ba.

A shekarar ne aka turo mana wata 'yar bautar ƙasa daga Kudu, wadda ta karanta aikin injiniya na gine-gine. 'Yar siririya ce, ba ta iya tafiya a hankali ba, kullum kamar ana kiranta a wani wuri. Ta dage sai ta koyi Hausa, mu kuwa da a gida yarenmu muke yi, sai ga mu mun zama malaman Hausa. Da ta ji maganar rufe aji, ta je ta roƙi firinsifal ya ba ta ɗan lokaci a ranar taron iyaye da malamai, ɗalibanta su nuna wani abu. Ya amince, ina jin don ta ƙyale shi ya huta ne.

Bayan azuzuwanmu akwai wani ɗan kwari da ruwan sama ya haƙa, faɗinsa kamar taku uku, zurfinsa bai wuce ƙugu ba, yashi ne a ƙasansa. Nan ta kai mu ta tsaya a baki.

"Za mu yi gada," in ji ta.

Muka dubi juna. Na ce, "Malama, da me? Ina ƙarfe, ina siminti?"

Ta nuna gonakin da ke gefen dutse, inda aka gama girbi aka bar kara tsibi-tsibi. "Da wancan."

Dariya muka yi mata har da riƙe ciki. Kara dai da muke hura wuta da shi, wanda akuya ke takawa ya karye? Ita ma ta taya mu dariyar, sannan ta ce gobe kowa ya zo da dami guda.

Gadarmu ta farko abin kunya ce. Jera karan muka yi kamar asabari, muka ɗaure da igiyar rama, muka shimfiɗa a kan kwarin. Malama ta shiga ƙarƙashinta don ta ga yadda karan zai lanƙwasa. Akwai bokiti cike da ruwa a gefe, da ragowar igiya. Ta ɗago kai ta ce, "To, ku ɗora!" Ashe "ku ɗaura" take nufi, wato mu ƙara ɗaure bakin. Mu kuwa muka ɗauki bokiti muka ɗora. Ƙarar karyewar kara kawai muka ji, ruwan gaba ɗaya ya juye a kanta. Ta fito tana ɗiga, farar rigarta ta bautar ƙasa ta manne mata, ta share fuska ta ce, "Madalla! Yanzu mun san abu ɗaya. Wannan ba ta iya ɗaukar bokiti." Sai a lokacin muka fashe, wata ƙawata har da birgima a ƙasa.

Washegari ta zo da guntayen kara. Ta ɗaure huɗu suka yi murabba'i, ta ba ni ta ce in danna. Ina dannawa ya karkace. Ta ɗaure uku suka yi kusurwa uku, ta ce in danna. Na danna, na ƙara dannawa, ya ƙi motsi. Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Shekara nawa ina zana kusurwa uku a littafi ina neman faɗinsa da tsawonsa, ban taɓa sanin yana da wani aiki a duniya ba. Daga ranar na zama kamar mai taɓin hankali. A kan hanyar gida ina ganinsa a jikin keke, a rufin coci, a turken wutar lantarki, ina nunawa ina ihu, mutane suna kallona.

A gida ma ban huta ba. Wata rana da yamma ina tsakar gida ina fama da ɗaurin kara, kakata ta daɗe tana kallona, can ta ce, "Mi kike yi haka kamar mai ɗaurin kayan miya? Kawo nan." Ta karɓa ta warware. Ta juya karan, gindin wannan ya haɗu da kan wancan, don kaurin damin ya zo daidai daga farko har ƙarshe, sannan ta gicciya igiyar ta ja da haƙori. Ta ce haka suke ɗaure jinkar rumbu tun tana yarinya, iska ba ta ɗauka. Da na kai makaranta Malama ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce lallai sai na kai ta wurin tsohuwar. Ranar Asabar kuwa sai ga ta a Dabai, ta durƙusa gaban Kaka tana koyon ɗauri, Kaka tana buge mata hannu in ta yi kuskure.

Ba kowa ne abin ya burge ba. Shugaban ƙungiyar iyaye wani tsohon soja ne da kowa ke kira Baba Saje, ƙato ne, in ya yi magana a bakin ƙofar makaranta ana jin sa a ajin ƙarshe. Ya gan mu a hanya da damman kara a kai, ya biyo mu har bakin kwarin.

"Malama, mun kawo yara boko, ke kin maida su gona? In kara ne, akwai shi a gidan uban kowa!"

Malama ta rusuna ta ce, "Baba, ka zo ranar taro ka gani."

"Zan zo. Kuma ni da kaina zan ce a rufe wanga aji in shirme na tarar."

Makonni uku muka yi muna gini muna karyawa. Mu ɗaure dami, mu rataya masa bokitan yashi ɗaya bayan ɗaya har ya karye, mu rubuta. Mu sake wani da kara goma maimakon shida, mu karya, mu rubuta. Hannayenmu duk yanka da ƙaiƙayi. Ni aka ba aikin haɗa lissafin, na yi shi sau uku, Malama ta duba. Abin da ya fito shi ne babbar gadar za ta ɗauki nauyin buhun dawa ɗaya da rabi, in an wuce haka za ta karye a tsakiya. Na samu kwali na rubuta da manyan baƙaƙe, MUTUM ƊAYA KAWAI, na kafa a bakinta.

Ranar taro iyaye suka cika inuwar mangwaro. Da aka gama jawabai aka taso gaba ɗaya zuwa bakin kwari, 'yan aji uku suna ta turereniya a gaba. Gadar tana nan ta ƙetare kwarin, kusurwa uku-uku a jere a kowane gefe, kyakkyawa da ita. Ni aka sa in yi bayani. Na faɗi abin da muka yi da nauyin da za ta iya ɗauka. Mazan ajinmu suka ɗora bokitan yashi huɗu, ba ta motsa ba. Suka sauke, suka mirgino buhun dawa har tsakiya. Ta yi ɗan ƙara, ta tsaya. Aka fara tafi. Da aka janye buhun, Malama ta dube ni ta ce, "Injiniya ce ke fara hawa gadarta." Na cire takalmi na hau. Taku ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai ga ni a wancan gefe. Na ji guɗar Kaka ta tashi daga can baya.

Sai Baba Saje ya ratso mutane. "Wannan 'yar ko iska na ɗaukarta. A gwada da namiji!" Ya miƙa wa wani sandarsa ya hau. Gadar ta yi wani irin kuka, ni kuwa na rufe ido da hannu ina leƙe ta tsakanin yatsu. Ya isa tsakiya ya tsaya. Ya ɗan girgiza jiki. Ya ɗaga ƙafa ɗaya. Gada tana nan. Fuskarsa ta washe kamar ta ƙaramin yaro, ya fara fareti a tsaye, hagu, dama, hagu, dama, yana sara wa jama'a. Wurin ya ruɗe da ihu, mu tara muna tsalle muna rungumar juna.

Daɗi ya kwashe shi, ya miƙa hannu ga firinsifal. "Yallaɓai, taho ka ji abin da yaranka suka yi!"

Firinsifal ma ba ƙaramin mutum ba ne. Na yi lissafin a kaina kafin ya ɗaga ƙafa. Na ƙwalla, "Yallaɓai, kar ka hau! Mutum ɗaya ne!" Malama ma tana ta ɗaga hannu tana cewa a'a, Hausar ta gudu ta bar ta. Amma ina, ihu ya danne mu. Ya tattare babbar rigarsa ya hau, Baba Saje ya riƙo hannunsa, suka tsaya a tsakiya suna murmushi. Gadar ta yi shiru na ɗan lokaci kamar mai tunani. Sai ƙas! Suka tafi tare, riƙe da hannun juna, suka zauna daɓas a cikin yashi, kara ya rufe su.

Kowa ya ɗauke numfashi. A cikin wannan shirun ne na ji wata murya tana ihu, "A tsakiya! A tsakiya ta karye! Lissafinmu daidai ne!" Sai daga baya na gane muryata ce. Tsalle nake yi ina tafi, a gaban iyaye, firinsifal ɗina yana zaune a rami. Sauran 'yan ajinmu suka kama, "Daidai ne! Daidai ne!" Malama ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa.

Aka jawo su, ba wanda ya ji ciwo. Firinsifal ya kakkaɓe yashi daga hularsa, ya yafito ni. Nan take murnata ta koma ciki.

"Ke, shugabanki ya faɗi kina murna?"

"Yallaɓai, ba faɗuwarka nake wa murna ba. Mun ce buhu ɗaya da rabi, kuma mun ce a tsakiya. Ga shi can na rubuta mutum ɗaya kawai."

Ya juya ya karanta kwalin. Baba Saje ma ya karanta, ya sosa ƙeya, sai ya fashe da wata dariya da ta kori tsuntsaye daga kan mangwaro. "Yallaɓai, mu ne masu laifi. An kafa umarni mun take shi. A bariki da yanzu muna tsallen kwaɗo!" Ya je gaban Malama, ya haɗa ƙafa, ya sara mata. Firinsifal ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, shi ma ya saki dariya. Kafin a watse 'yan aji uku sun cika ramin, kowa yana jan guntun gada yana tambayar yadda aka ɗaure. Zangon da ya biyo baya sai da aka ƙaro benci a ajin kimiyya, maganar rufewa kuwa ba a sake tayar da ita ba.

Malama ta gama bautar ƙasarta ta tafi, ban sake ganinta ba. Ni kuma yau fizik nake koyarwa, kuma duk shekara sai na fitar da ɗalibaina waje mun gina wani abu mun karya. Abin da na koya a ranar nan shi ne, yaro ba ya ƙaunar ilimin da bai taɓa da hannunsa ba, kuma karyewar abu ba abin kunya ba ne in ka san dalilin karyewarsa. Sannan idan lissafinka ya nuna akwai haɗari, ka buɗe baki ka faɗa da ƙarfi, ko da wanda zai hau ɗin ya girme ka nesa ba kusa ba.