Hawan Dutsen da Yayana Ya Gina wa Inji

Tsakanin kwarin Tama da garinmu akwai wani hawan dutse da duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa ta wannan hanya ya sani. Ba tsawo gare shi ba, mugunta gare shi. Yakan fara a hankali kamar abin arziki, sai ka kai tsakiya ya karya kwana ya miƙe tsaye, ƙasan kuwa duk tsakuwa mai zamewa. A wannan hanya yayana, wanda muke ciki ɗaya, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa wata tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya. Albasa yake ɗauka da hatsi da mutane da awakinsu. Tun ranar da ya mallake ta bai taɓa hawa dutsen nan da lodinsa cikakke ba. In ya iso gindin hawan sai ya tsaya ya leƙo ta taga ya ce kowa shi sabka. Maza su tura, mata su bi da ƙafa da goyo a baya, mutum ɗaya kuma ya riƙa bin tayar baya da kal, wato guntun iccen gawo da ake tokare taya da shi in mota ta fara ja da baya.

Mutanen wajenmu kuwa bakinsu ba ya raga wa kowa. Kafin a daɗe sun raɗa wa motar suna Kowa-shi-sabka. Tsofaffin mata in an kai sama sukan ce masa ya yi musu godiya, tunda su suka kawo motar gari, ba ita ta kawo su ba. Yakan yi dariya tare da su, har ya ƙara musu da nasa. Amma ni da muka kwana ɗaki ɗaya tun muna yara na san abin yana ci masa rai.

Da sababbin motoci suka kwashe fasinjan hanyar, sai ya jingine bashen ƙarƙashin wata rumfar kara a gidansa na Madawa, ya koma gyaran injinan ban ruwa na masu lambu. Ni ma a Madawa nake zaune. Tela ne ni, injin da na sani shi ne na keken ɗinki, ko da yake a zamanin samartaka yaya ya koya mini tuƙi kafin allura ta rinjaye ni.

Wata shekara ya fara tuntuɓe da abubuwan da ke gefensa, turmi, buta, ƙafar mutum. Na kai shi likitar ido a Tawa. Aka ce ciwon irin mai cin gani ne daga gefe yana shigowa tsakiya, abin da ya tafi ya tafi, magani kuma sai dai ya rage masa sauri. Muka kamo hanyar dawowa. Sai da muka kusa gida ya ce shi abu ɗaya yake so kafin idon ya rufe: ya hau dutsen garinmu da motarsa, da hannunsa, da lodi, ba a sauke kowa ba. Na ɗauka maganar baƙin ciki ce, irin wadda kan wuce da kwanan dare. Ashe ban gama sanin yayana ba.

Ya je Ƙwanni ya dawo da injin wata babbar mota da ta yi haɗari, an naɗe shi cikin buhunan albasa. Bai yarda ya ɗora shi haka nan ba. Ya ce injin da ba ka ga cikinsa ba, baƙo ne. Muka share rumfar, muka shimfiɗa tsohuwar tabarma, muka warware shi ɗaiɗai har ba abin da ya rage a haɗe. Ni na zama idonsa. Da hantsi in yi ɗinki, bayan azahar in rufe shago in zo in karanta masa lambobin da ke jikin kile, wato sifanar kwance ƙusa, in duba masa tsaga ko tabo, shi kuma ya bi wurin da farcen babban yatsa ya ce na yi gaskiya ko ban yi ba. Sau da yawa muna musu, wani lokaci ni ke cinyewa, wani lokaci shi.

Akwai wata dabara da ya yi wadda har yau in na tuna sai in yi murmushi. Ƙusoshin inji kama suke da juna, amma kowane da raminsa, shi kuwa ba ya iya bambance su da ido. Sai ya sa aka kwaɓa masa laka da ƙaiƙayi, irin wadda ake gina rumbu da ita a wajenmu, ya baje ta ƙasa ya zana siffar injin da yatsa. Duk ƙusar da ya cire sai ya kafa ta cikin lakar daidai inda take a jikin injin. Lakar ta bushe ta riƙe su gam. Matarsa ta ce ta ga masu dashen albasa, amma mai dashen ƙarfe sai a gidanta.

Ƙarfi yake nema, kuma ya bi shi ta ko'ina. Kan injin, wanda suke kira kulas, ya aika da shi Maraɗi aka aske fuskarsa don matsi ya ƙaru. Ya sa sababbin fistan da zobbansu. Ya samo karbirato mai baki biyu a madadin mai baki ɗaya, ya canza radiyato da babba don kada zafi ya kama injin a tsakiyar hawa. Ya sabunta birki ma, ya ce dokin da ya fi ƙarfin linzaminsa ba na hawa ba ne. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne goge supap, ƴan marufan nan da ke buɗewa suna rufewa a kan inji. Yakan zauna ya ɗan karkata kai, ya kama sanda tsakanin tafin hannuwansa yana murzawa kamar mai burga miya, yana sauraron ƙarar gogar. In ƙarar ta yi laushi ya san wurin ya zauna. A nan ne na fara lura ba ya ko kallon abin da yake yi.

Gwaggonmu, ƙanwar babanmu da ke zaune a gidan, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga lokacin da kakanninmu ke yanka a gindin duwatsu. Tana salla, tana azumi, amma ta ce ƙarfen da ya taɓa shan jinin mutane a haɗari ba a shigar da shi mota sai an ba shi nasa. Jan zakara take so. Yaya ya ce a'uzu billahi, ya sa aka dama fura aka raba wa maƙwabta sadaka. Ranar da za mu ɗora injin na ga ɗan jan gashi manne a ƙasansa, kuma da daren jiya mun ci miyar kaza ba tare da wani dalili ba. Ban faɗa masa ba.

Da reshen bedin tsakar gida, wato dogon yaro, muka ɗaga injin. Muka rataya sarƙa, maƙwabta suka kama, muka turo motar ƙarƙashi. Injin ya fi gurbinsa girma, sai da mai walda ya zo ya sake masa ƙafafu, aka ɗaga aka sauke har reshen ya fara kuka. Da ya zauna, yaya ya bi kowace ƙusa da hannunsa ya ɗaure. Lakar nan ta koma ramuka zalla, ba ko ɗaya da ya rage da ƙarfe a ciki.

Ya tashi a bugu na farko? Ina! Ya yi tari, ya yi atishawa, ya tofa hayaƙi, kaji suka watse. Sai da aka gyara wuta sannan ya kama. Amma da ya kama, wata irin murya ya fitar mai kauri, wadda motar nan ba ta taɓa yi ba. Yaya ya dafa murfin injin da tafin hannu ya daɗe a tsaye. Na yi farin ciki ranar kamar an yi mini haihuwa.

A lokacin bazara ta kai ƙarshe, gabas ta fara haɗa hadari. Kowa ya san da ruwa ya sauka koramu kan yanke hanyar da ke kai wa gindin hawan, babu mota sai kaka. Idon yaya kuwa kullum ƙara matsewa yake. Na ce masa, «Yaya, mu tahi kasuwag ga mai zuwa. In ruwa ya sabka sai kaka, kuma ka san abin da likita yac ce.»

Ya ce, «Na sani. Amma injin ga jinjiri na. Sai ya yi rodaji.»

Rodaji shi ne lallaɓa sabon inji: a yi ta tafiya da shi a hankali, ba lodi, ba hawa, har ƙarafan su saba da juna, a zubar da mai a sake, a ƙara ɗaure kan injin. Na ce masa ai don hawan aka gina shi, hawa ɗaya ba zai kashe shi ba.

Ya ce, «In na ba shi dutse yanzu shina hawa, ba ni musu. Hawa guda, biyu, sa'an nan shi hwara shan mai, shi koma kamar na da. Ban gina shi don rana guda ba.»

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa inji ana sayen wani, ido fa? Ya ce sannu ba ta hana zuwa. Na ce ya ƙarasa karin maganar mana, sai dai a daɗe ba a je ba. Na tafi gida ban yi masa sallama ba, na kwana biyu ban leƙo ba. A zuciyata ina ganin taurin kai ne kawai, irin na gidanmu. Amma na dawo, don ba wanda zai zauna gefensa in ba ni ba.

Haka muka shiga damina muna rodaji a miƙaƙƙiyar hanyar da ta nufi Galma, da safe lokacin da haske bai yi masa yawa ba. Mota fayau ba kaya, tafiya kamar ta mai jego. Masu babur suna wuce mu suna ɗaga hannu, wasu suna tambaya ko wannan ne sabon injin da ake ta labari. Shi ko a jikinsa. Yana tuƙi yana saurare, wani lokaci ya ce in ji yadda muryar ke sakewa. Ni ban ji komai ba sai fargabata.

Wata safiya amalanken jaki ya fito daga gona ta hannun damarmu. Ni na gan shi tun daga nesa, na ɗauka shi ma ya gani. Sai da na yi ihu ya taka birki, hancin motar ya tsaya dab da kunnen jakin. Mai amalanken ya yi ta faɗa ya wuce. Hannuwan yaya na nan a kan sitiyari. Can ya buɗe ƙofa ya fita, ya zagayo yana dafa jikin motar har ya iso ƙofata, ya ce, «Matsa.» Daga ranar bai sake zama a mazaunin direba ba. Ni na ƙarasa rodajin, yana gefena yana faɗa mini lokacin canza giya. Ban taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, amma maganar ta daɗe a maƙogwarona.

Da kaka ta yi, hanya ta buɗe, wata rana bayan mun zubar da mai ya saurari injin ya ce ya isa. Muka tafi kasuwar Tama. Muka yi lodin dawa da kabewa da mutanen garinmu, har da wasu daga cikin tsofaffin da suka raɗa wa motar suna. Da muka iso gindin hawan, kafin in ce komai na ji baya ta fara motsi. Mutane suna neman takalmansu, wata tsohuwa har ta zuro ƙafa ɗaya waje, wani dattijo ya riga ya ɗauko kal. Yaya ya leƙa ta tagar da ba tasa ba, ya ce, «Kowa shi zamna.»

Sannan ya lalubo sandar giya ya riƙe. Ya ce, «Kai riƙa bolan, ka taka in na ce. Bitas tawa ta.»

Muka kama hawan. Ni ke juya bolan, wato sitiyari, ni ke taka kuloci in ya ce taka, shi ke sa bitas, wato giya, da kunnensa. A kwanar nan ta tsakiya, inda motar ta saba mutuwa, tayoyin baya suka watsa tsakuwa. Ya ce taka, ya mayar da giya ƙasa, injin ya yi gurnani ya ɗauke mu da kayanmu kamar ba komai. A baya mata suka rangaɗa guɗa.

A sama na tsayar da motar. Hannunsa na nan kan sandar bai saki ba. Ya juyo wajena, idonsa bai sauka daidai fuskata ba, ya ce, «Akwai wanda yas sabka?»

Na ce babu ko guda. Hawaye suna zubo mini, na gode wa Allah da bai gani ba, sai kuma kunyar wannan godiya ta kama ni.

Motar tana nan tana bin hanyar, babban ɗansa ke tuƙa ta, kuma injin bai taɓa neman a tura shi ba. Wani lokaci ina kan keke ina ɗinki sai tsohon fushina ya taso, in ce da ya ji maganata da ya ga saman dutsen nan da idonsa. Wani lokaci kuma in ce da ya ji maganata, da yanzu mutanen garinmu sun koma neman takalmansu a gindin hawa. Ban raba gardamar ba har yau. Shi dai kal ɗin ya sa aka ajiye masa a gindin bedi, a kansa yake zama da la'asar. In ya jiyo muryar motar ta karyo kwanar unguwa ranar kasuwa, yakan ɗaga kai tun ba a kashe ta ba, ya tambaya ko an sauke wani.