Madarar Baffa

Jiya saniyarmu ta yi ɓari, sai Baffa, wan mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Bai taɓa yarda a tafasa madara ba. Da ɗuminta yake sha a bakin garke, kumfa na maƙale a gemunsa, ya miƙo mini ƙwaryar in shanye saura.

Da zazzaɓin yamma ya ƙi sakinsa, na ɗauko shi daga Sukukutane zuwa asibitin Dogon Dutsi. Lokotoro ya ce bakkale ne, cutar da ke sa shanu ɓari, daga ɗanyar madara ya ɗauke ta. Ƙwayar cutar tana shigewa cikin ƙwayoyin jinin da aikinsu kashe ta ne, ta lafe inda magani ke wahalar kai mata, ta tsage biyu, biyun su koma huɗu.

Baffa ya yi dariya, gumi na tsiyaya daga goshinsa. "Ɗana, wato ɓarawo ya tare a ɗakin mai gadi, har shina haihuwa?"

Bai ga kakar bana ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sanyaya makwancinsa. Mu da muka sha ƙwarya ɗaya da shi, Allah ya rufa mana asiri, don tun shekaranjiya gwiwoyina ke ciwo, yamma na yi kuma sai sanyi ya rufe ni.