Fentin da Vukota Ya Bari

Duk wanda ya taɓa kwana a bukkokin katakon da ke bakin tafki, a gindin tsaunin Durmitor, ya san Darinka. Ita ce gajeriyar tsohuwar nan da ke miƙo maka makulli tana kallon takalminka maimakon fuskarka. In bai yi mata ba, sai ta ce da wannan ko rumbun itace ba za ka kai ba, ta shiga ciki ta fito maka da na mijinta. Shekara talatin da huɗu ke nan tana hura murhu, tana shanya barguna, tana tuƙa wa baƙi kacamak, wato tuwonsu na masara, da cuku, tana kuma yi musu faɗa kyauta.

Mijin nata, Vukota, shi ne mai fentin hanya. Hanyar da ta zagaye tafkin ta cikin daji shi ya yi mata alama a jikin itatuwa, jan da'ira da farin ɗigo a tsakiya, har guda ɗari da goma sha biyu. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidansa, amma duk da haka sai ya miƙa hannu sama yake shafawa. Da bazara baƙi kan yi dariya su ce tsuntsaye aka yi wa alamar. Da hunturu kuwa, idan ƙanƙara ta haɗiye duwatsu da kututture, nasa kaɗai ake gani, kuma su ke mayar da mutum gida.

Bayan rasuwarsa, wasu samari masu son yawon tsauni suka zo daga birni a watan Yuli, suka shafa sababbin alamu a kan duwatsu, daidai gwiwa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har zuwa Disamba da ƙanƙara ta binne shi. Na Vukota kuma suka ci gaba da dusashewa, abin yana cin Darinka a rai, don hannunta bai kai ba. Sau ɗaya ta gwada tsani, ta sauko ba ta hanyar da ta hau ba. Daga nan ta gane dabara ɗaya ce: ta jira ƙanƙara ta taru ta ɗaga ta.

Sai dai lokaci ya ƙure mata. Gwiwoyinta sun gaji, kuma 'yarta Zorka ta sa ta yi alkawarin komawa birni wurinta a watan Maris. A shekarar kuma ƙanƙara ta yi rowa. Janairu ya wuce ba ta rufe idon sawu ba. Kullum da safe Darinka kan leƙa sama ta yi tsaki, baƙi suna tsammanin da su take.

A tsakiyar Fabrairu aka kwana huɗu ana zuba ƙanƙara. Zorka ta iso da akwatuna don haɗa kaya, ta tarar da uwar ta ɗaura faffaɗan takalmin tafiya kan ƙanƙara, ta cusa gwangwanin fenti cikin rigar sanyi don kada ya daskare, cikinta ya fito kamar na mai juna biyu.

"Mama, a waɗannan shekarun? Na wane ne?"

"Na ubanki. Ɗauki farin fentin ki biyo ni, kin tsaya kina washe baki."

Kwana shida suka yi suna bin hanyar. Uwar ta kankare ɓawo ta zagaya ja, 'yar ta ɗiga fari, ana ta mita cewa ɗigon ya karkace. Baƙin da ke tafe a bayansu kan gaishe su, Darinka ta amsa tana duba takalmansu.

Itacen ƙarshe yana can ɗaya gefen tafkin. Nan Vukota ya saba tsayawa ya daɗe, har ya ba ta haushi a shekarun da take raka shi. Ita ba ta ganin komai sai kurmin da ya fi ƙarfin kanta. In ta tambaye shi me yake kallo, sai ya ce yana duba aiki ne.

A ranar, da ƙanƙara ta ɗaga ta, ta tsaya daidai inda kansa yake kaiwa, ta juya don ta karɓi burushi, sai ta ga kurmin ya koma ƙarƙashin ƙafarta. Ga tafkin fari fat, ga tagar kicin ɗinta a hayi, ga igiyar da take shanya, ga hayaƙin tukunyar waken da ta bari a wuta yana tashi.

"Kin ga ɓarawon tsoho?" in ji ta. "Kullum ina sauke tukunya yana shigowa, ya ce wai Allah ne ya ba shi hanci. Ashe ni yake gadi."

Ta karɓe farin daga hannun Zorka, ta yi wannan ɗigon da kanta. Kewarsa ta kama ta fiye da ranar da aka binne shi. Zorka ta ce sanyi ya yi yawa, su tafi kada waken ya ƙone.

"Bari tukuna, 'yar nan," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Ina duba aiki ne."