Bindigar Kaka Mai Baki Biyu

A gidanmu na Gwandu, idan sanyi ya shigo, kakarmu Ige takan hura wuta a tsakar gida bayan cin tuwo, mu jikoki mu zagaye ta. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da guda ɗaya. Ita ce ta maharbi da bindigarsa mai baki biyu, kuma ba ta taɓa yin ta ba idan Baffa Ummaru yana gida.

Wai maharbin yana da tsohuwar bindiga, jikin ƙarfenta da zane kamar igiyar da aka murɗa. Duk wanda ya san bindiga, da ya ga zanen nan ya san ta zamanin baƙin albarushi ce, ba ta ɗaukar harsashin yanzu. Kafin ya fita daji, sai ya cire ƙarfen ya rataye, ya ƙwanƙwasa. In ya yi ƙara kamar ƙararrawa, ya fita. In ya yi dum, alamar tsaga ke nan, sai ya zauna gida.

"Tsohuwa ce kamat ni," in ji Ige. "Abincin zamaninta taka ci. In ka ba ta na yau, hannunka za ta ci."

Da maharbin ya rasu, ɗansa ya sayo harsashin kanti ya ɗura mata, bai ƙwanƙwasa ba. Bakin hagu ya fashe. Nan Ige ke tsayawa, ta yi ta tona toka da kara. Mu kuwa haushi muke ji, tatsuniya ba kura ba gizo.

Sai da na yi aure na gane dalilin da ya sa Baffa Ummaru, babban ɗanta, kullum hannunsa na hagu yana cikin riga. Yatsu biyu suka rage masa.

Bara, bayan rasuwarsa, aka sami bindigar a ƙarƙashin gadonsa. Ƙanena Nasiru ya ɗauke ta zuwa Kalgo, wai don aladun dajin da ke ɓata masa shinkafa. Na bi shi har can, na roƙe shi ya kai wa maƙeri ya duba. A gabana ya ƙwanƙwasa ta, ta yi dum. Ya yi dariya.

"Yaya, tatsuniyar Ige ce hwa. Bakin dama lahiya lau shike."

Shinkafa ta fara nuna yanzu, kuma tsoro nake ji. Duk lokacin da waya ta shigo daga Kalgo, sai na yi salati kafin in ɗauka.